Mama Keziah da Gansakukar Bakin Rijiya

Ranar da na fara sanin Mama Keziah ina kan tsani ne, da guntun ƙarfe a hannu, ina kankare bangon gidan Baba Job a unguwar Mayo Gwoi. 'Yarsa Alice za ta yi aure, ya ce bai yarda dangin miji su zo su tarar da bango kore shar kamar gindin randa ba. Watan Agusta ne, ruwa kullum, fenti ma ba ya son kamawa, amma mai gida ya ce a yi, ni kuwa a lokacin fenti nake yi. Na ce a lokacin, don kafin fenti na yi aski, na yi wankin mota, na ja keke mai ƙafa uku, na sayar da cajar waya a bakin kasuwa. Makaranta kuwa mun rabu da ita a aji biyar na sakandare, ba faɗa, kowa ya kama gabansa. Sunana Tobiya, daga garin Mutum Biyu na zo Jalingo, kuma mahaifiyata takan ce ni kujera cizona take yi.

Ina cikin kankara sai na ji murya daga ƙasa.

"Kai, mai tsani! Dakata!"

Na leƙo. Wata gajeriyar tsohuwa ce, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, da ambulan a hannu.

"Me kake kashewa haka?"

"Mama, ba kisa nake ba. Gansakuka ce."

"Wanne?"

"Wanne kuma? Gansakuka tana da ƙanne ne?"

"Inda hannunka yake ɗin nan iri uku ne. Ka riga ka kashe biyu. Sauko."

Na sauko, don ina son in ga ƙarshen haukar. Ta ciro 'yar wuƙa, ta ɗebi wanda ya rage a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri, ta sa a ambulan. Sannan ta miƙo mini wani ɗan gilashi da ke rataye a wuyanta, ta ce in kanga a ido in duba abin da na zubar a ƙasa. Na duba. Allah ya sani, na zaci datti zan gani. Daji na gani. Ganye jere-jere, wasu masu tsini kamar mashi, wasu a naɗe kamar kunnen ɓera, wasu fari-fari suna ƙyalli. Har wani ɗan ƙwaro na gani yana ratsawa, yana ta sauri kamar zai makara ofis.

Na gama fentin Baba Job, amma daga ranar na riƙa leƙa gidanta, ƙofa ta huɗu daga nan.

An haifi Mama Keziah a wani ƙauye kusa da Zing, ƙasar doya. Ta gama firamare, aka yi mata aure da Nelson, direban babbar mota, suka dawo Jalingo. Bayan ta haifi na uku Nelson ya rasu a hanya. Wani dattijon coci ya samo mata aikin shara a wata babbar makaranta a nan garin, aka tura ta ɗakin gwaje-gwaje na sashen tsirrai. Aikinta wanke kwalabe da 'yan gilasan da ake ɗora abu a kai a duba a maikuroskob, wato madubin nan mai mayar da ƙura dutse. A nan ta gamu da Dakta Maishanu, mutumin da a cewarta ko akuya bai taɓa mallaka ba. Shi gansakuka ce sana'arsa. Yakan hau har tsaunin Mambila ya dawo da ita buhu-buhu.

Wata rana ya bar gilashi a kan madubi ya tafi salla. Ya dawo ya tarar da mai shara ta jingine tsintsiya tana leƙe. Bai yi faɗa ba. Tambaya ya yi: "Nawa kika gani?" Ta ce bakwai. Ya duba takardarsa, bakwai ya rubuta. Daga nan shekara goma sha huɗu tana ƙirga tare da shi, a takarda kuwa tana nan mai shara.

Ɗakinta ciki da falo ne, amma falon na gansakuka ne. Ambulan ɗari-ɗari a cikin kwalayen taliya, kowanne da rubutun wuri da rana: bangon coci, gindin mangwaro a unguwar Sarkin Dawaki, dutsen Kona, bakin kwalbati. Ta ce a cikin garin nan kaɗai ta tara iri arba'in da ɗaya, mu kuwa duk suna ɗaya muke kiransu, kuma sunan ma zagi ne. Takan ɗauko busasshiya wadda ta shekara goma a takarda, baƙa ƙirin, ta ɗiga mata ruwa, kafin ka gama hamma ta buɗe ta yi kore. Hausarta irin tamu ce ta nan, ba ruwanta da raba mace da namiji, Alice ma "ya zo" ce. Amma a gansakuka za ta nuna maka mace, ta nuna maka namiji, ba kuskure.

A bakin taga madubin yake. Tsoho ne, makarantar ta fitar da shi cikin kayan da aka daina amfani da su, ita kuma ta ɗauko lokacin da ta yi ritaya. Ba ya cin wuta, da hasken rana yake aiki, saboda haka daga ƙarfe tara zuwa azahar ne kasuwarsa.

"Mama, wai me kuke ƙirgawa ne?" Na tambaye ta ranar da na ga dai ba za ta faɗa da kanta ba.

"Kuromosom."

"Allah ya raba mu da shi. Ana warkewa?"

"Rufe baki ka ji. Duk abu mai rai, ƙananan ƙwayoyi ne aka jera kamar bulo. A cikin kowane ƙwaya akwai 'yan zare, su ke ɗauke da gado. Dogon bakin nan naka, a ciki aka aiko maka da shi. Kowane halitta da adadin nasa. Mutum arba'in da shida."

"Har ni?"

"Har kai, sai dai in an yi maka ragi."

Ta ce ita gansakuka ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wata tana da zare shida, wata bakwai, wata goma sha uku. Wani lokaci kuma wajen rabuwar ƙwaya sai a yi tuntuɓe, adadin ya ninka. Tsiron da ya fito zai yi kama da uwarsa sak, ido ba zai raba su ba, amma sau da yawa ba sa iya haihuwa da juna kuma. Shekaru na tafiya, kowa na bin hanyarsa, har a wayi gari iri ɗaya ya zama biyu. Ta ce, "Kamar wa da ƙane ne, ɗaya ya haura dutse da iyalinsa. Jikokinsu in sun gamu a kasuwar Jalingo, sai da Hausa za su gaisa."

Na ɗauka hira kawai take so, irin ta tsofaffi. Sai da Satumba ta kama ta gaya mini abin da take nema a wurina.

Akwai wata gansakuka mai yawa a garin nan, wadda take kira mai-azurfa saboda ƙyallinta. Duk inda ta ɗebo ta adadinta ɗaya ne. Amma shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta ɗebo ta a bakin wata tsohuwar rijiya a bayan unguwarmu, ta ƙirga, ta samu wani adadi daban. Lokacin Dakta Maishanu ya riga ya rasu. Ta kai wa wanda ya gaje shi, wani Dakta David. Ya leƙa madubin da ido ɗaya, hannunsa riƙe da makullin mota, ya ce ƙwayoyi biyu ne suka hau kan juna. Da ta ce ta ƙirga sau tara, sai ya yi dariya ya ce, "Madam, je ki a duba miki ido."

"Na yi fushi shekara shida," in ji ta. "A ta bakwai sai ido ya fara ciwo."

Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana rufewa daga gefe, kamar mai jan labule a hankali, kuma likita ya gaya mata abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun daga nan maganar Dakta David ta daina ba ta haushi, ta koma ba ta tsoro. Idan tun a wancan lokacin idon ya fara yi mata ƙarya fa? Kowace shekara tana komawa rijiyar, kowace shekara tana samun adadin nan, amma da ido ɗaya ne dai, kuma shi ake zargi.

"Dokar Dakta Maishanu ita ce, ƙirga ba ya zama ƙirga sai mutum biyu sun yi, kuma na biyun bai san abin da na farkon ya samu ba."

"Mama, kin dace. Ni ɗan Mutum Biyu ne, ni kaɗai na isa."

"Rabin mutum ma ba ka cika ba. Amma idonka lafiya lau, na gani ranar da ka hango ƙwaron nan."

"To nawa ne adadin?"

"Shi ne abin da ba zan faɗa maka ba."

Lokaci kuma ba ya jira. Ba a ganin zaren nan sai a cikin 'yan tulunan da gansakuka ke fitarwa a kan siririn kara kamar gashi, kuma sai tulun ya cika yana kore, bakinsa ya fara ja kaɗan. A ƙarshen damina ne, mako biyu ko uku, daga nan sai baɗi. Baɗi kuwa ta san ba za ta ga ko tulun ba.

Haka na shiga makarantar da ba a kora. Ta koya mini tsinke tulun da hantsaki, in jefa a kwalbar wani ruwa mai warin tsami da ke sa hawaye. Ta koya mini fasa shi da allura a kan gilashi, in ɗiga jan ruwa, in rufe da wani gilashin siriri kamar ɓawon albasa, in danna da babban yatsa. Dannawa ɗaya, a miƙe. In ka murza ka kashe aiki. Na fasa gilashi goma sha biyu a makon farko. Na ƙirga ƙura. Na ƙirga kumfar iska har ashirin da bakwai ina murna. Wata rana na daɗe ina ƙirga wani dogon abu, ashe gashin idona ne.

"Kai dai ko jaki aka ba ka ka ƙirga ƙafarsa, sai ka ce a ba ka zuwa gobe," in ji ta.

Amma wata rana sai ga 'yan zaren nan a gaban idona, karon farko. 'Yan ƙananan abubuwa ne jajaye, kamar an watsa tsabar riɗi a faranti. Wata irin gansakuka ce ta gindin mangwaro. Na ce goma sha uku. Ta leƙa ta daɗe, tana juya kai don ta samu inda idon ke gani, ta ce, "Goma sha uku." Ba ta yabe ni ba. Ta dai ƙara mini nama a miya.

Yanzu ga inda na yi abin kunya, kuma ba zan yi masa kwalliya ba.

Wata Alhamis ta tafi zumuntar mata ta bar ni ina wanke gilasai. Littafinta na nan a kan kwali, baƙi, an ɗaure da roba. Na ce wa kaina ba adadin zan duba ba, rubutunta kawai zan gani. Shafi na uku na buɗe: mai-azurfa, bangon coci, goma. Kwalbati, goma. Dutsen Kona, goma. Rijiya, ashirin, an ja layi biyu a ƙasa. Na ce ashe abin ma sauƙi, goma yatsun hannu, ashirin har da na ƙafa. Na mayar da robar yadda take. A raina har ina ganin alheri zan yi. Tsohuwa ce, idonta na tafiya, in na ce mata ashirin ta kwanta da daɗi, wa ya mutu?

Ranar Litinin ta ce tulunan mai-azurfa sun yi. Ta haɗa gilashi da kanta, ta saita, ta ja baya. Na leƙa. Gaskiya a cunkushe suke, ban ma tsaya raba su ba. Na ɗan yi jim don a ce na yi aiki, na ɗago na ce, "Ashirin, Mama."

Na zaci za ta yi guɗa. Sai ta nemi kujera da hannu ta zauna.

"Ka tabbata?"

"Kamar sunana."

"Sake duba."

Na sake leƙawa, na ce ashirin cif.

Ta cire tabarau ta ajiye a cinya. Sannan a hankali ta ce, "Wannan na bangon coci ne. Na ce bari in fara gwada ka da mai sauƙi." Ta juya wajen kwalayen nan. "Shekara ashirin ina ganin goma a wannan. In ashirin ne, to ba rijiya kaɗai ba, duk littafin nan shirme ne. Ashe mutumin nan gaskiya ya faɗa."

Ba ta zarge ni ba, abin da ya kashe ni ke nan. Ta yarda da idona fiye da nata. Ta fara tattara gilasai tana cewa in kai wa yara kwalayen su hura wuta. Na matsa na tsaya a gabanta.

"Mama, ban ƙirga ba."

"Me ka ce?"

"Na buɗe littafinki ranar Alhamis. Na ga ashirin. Na zaci na rijiya kika sa."

Ta mayar da tabarau ta dube ni da idon nan guda. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Tobiya, ka san abin da ka ɓata? Ba yau ka ɓata ba. Kanka ka ɓata. Yanzu ko ka ƙirga da gaske, ashirin na zaune a cikin kanka, idonka zai nemo shi ko babu. Mako biyar na zuba a kanka. Ina zan samu wani mako biyar? Tashi ka tafi."

Kwana uku ban je ba. Na koma shagon abokina Elvis ina taya shi aski, na yi wa wani yaro gefe ɗaya ya fi ɗaya. Kullum da safe sai na zagaya ta rijiyar in duba tulunan, ina ganin bakinsu na ƙara ja. Na roƙi Elvis ya zo a koya masa, ya ce shi ko zare ba ya iya sa wa allura. Na yi tunanin in tattara in koma Mutum Biyu, don ni dama in wuri ya yi zafi ƙafata ce ke fara sani. Har na ɗaure jaka. Abin da ya hana ni, na san in na hau motar nan, tsohuwar za ta makance tana ganin ƙila ƙarya ta yi wa kanta shekara goma sha ɗaya, kuma ni na rufe mata ƙofar sani.

A rana ta huɗu na je wurin Hajaratu, mai ɗinki da ke jikin gidan Mama Keziah. Bafulatana ce, sun shekara goma sha biyar suna maƙwabtaka, kullum cikin tsokanar juna. Na zayyana mata komai tana taka keken ɗinki ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Kai ɗan banza ne, wannan an gama. Amma ku 'yan boko kuna wahalar da kanku. Ka san ashirin na rijiya ne. To in ba ka san wace kwalba ce ta rijiya ba fa?"

Ta tashi ta ɗebi zare kala-kala, ta ja ni har falon Mama Keziah.

"Keziah, jam na? Lafiya dai? Ga ɓarawonki na kawo."

"Mayar da shi inda kika samo shi."

"Ba a karɓar kayan da aka riga aka yanka. Zauna ki ji."

Dabarar ita ce, Mama Keziah za ta ɗebo tuluna daga wurare daban-daban, ta zuba a kwalabe shida iri ɗaya, ta gaya wa Hajaratu wace ce wace. Hajaratu ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta ɗaura wa kowace kwalba zare kala daban, ta rubuta a takarda ta ɓoye. Ni ba zan san ko nawa ne na rijiya ba, ko ma babu ko ɗaya. Ita kanta Mama Keziah ba za ta san wane zare ne wane ba, balle fuskarta ta ba ni amsa.

Mama Keziah ta juya maganar a ranta. Can ta ce, "Dakta Maishanu bai taɓa yin haka ba."

"Dakta Maishanu bai taɓa aiki da ɓarawo ba," in ji Hajaratu.

Washegari da safe su biyu suka fita da kwando, Hajaratu na riƙe da hannunta a wajen tsallake kwata. Ni aka bar ni a shagon ɗinki ina gadin keke. Da suka gama ƙulle-ƙullensu aka kira ni. Kwalabe shida a bakin taga: ja, baƙi, fari, shuɗi, rawaya, kore.

"Ba baki za ka faɗa mini ba," in ji Mama Keziah. "Zana abin da ka gani, ɗaya-ɗaya, sannan ka ƙirga zanen. Kowane kwalba ƙwaya biyar. Wanda ba ka gani ba, ka ce ban gani ba. Ba zunubi ba ne."

Kwana biyu na yi a kan kujerar nan, daga tara zuwa azahar, kuma ban tashi ba sai don fitsari. Ja ya ba ni goma, sau biyar, a fili kamar yatsu. Baƙi na buɗe na ga an cika faranti. Na ce kada dai kaina ne ke yi mini aiki. Na rufe ido, na sake zanawa daga wani gefen. Ashirin, ashirin, ashirin, sannan wata ƙwaya ta ba ni goma sha tara, na juya madubi har wuyana ya ƙage, ta ƙi cika. Na rubuta goma sha tara. Ta biyar ashirin. Fari goma. Rana ta biyu hadari ya taso, muka zauna jiran haske kusan awa guda, Hajaratu na ta ɓare gyaɗa. Shuɗi ya ƙi ni sam, tulunan sun wuce lokaci, gilashi bakwai na yi ban ga abin ƙirgawa ba. Na rubuta ban gani ba. Rawaya ashirin a ƙwaya huɗu, ta biyar ta fashe. Kore goma.

Na miƙa takardar. Mama Keziah ta ce in karanta da ƙarfi, don rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Na karanta. Hajaratu ta kwance gefen ɗankwalinta ta ciro 'yar takarda a naɗe, ta tsaya tana gyara zama, tana karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinya.

"Hajaratu, in kin kashe ni ke za ki yi bayani," in ji Mama Keziah.

"Ja, bangon coci. Fari, kwalbati. Kore, bayan gidan Baba Job." Ta ɗago ta dube mu. "Baƙi, rijiya. Rawaya, rijiya. Shuɗi ma rijiya."

Ni na yi tsalle har na kusa kifar da jan ruwa. Na ce yau sai ofishin Dakta David, ni zan kai mu a keke mai ƙafa uku, kyauta, da hon tun daga gida. Mama Keziah ba ta motsa ba. Ta sa tafin hannu ta rufe idon nan na dama, ta riƙe shi haka, kamar yadda ake dafa kan yaron da aka daka bisa kuskure.

"Ashe ba ka yi mini ƙarya ba," ta ce, kuma ba da ni take ba.

Hajaratu ta ce, "Useko, Allah," wato godiya da Fulatanci, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce warin ruwan tsamin nan ne.

"Mama, ke nan kin gano sabon iri? Za a sa masa sunanki?"

"Ban ce sabon iri ba. Na ce ashirin. Ko ya rabu da mai goma, ko har yanzu suna haihuwa tare, wannan wani aiki ne, na masu ido da kayan aiki. Za mu aika musu da ambulan da zanenka, in sun ga dama su duba. Ɗauko littafin."

Na ɗauko, wannan karon da izini. Ta ce in buɗe sabon shafi in rubuta kwanan wata, da wurin, da bayanin zaren Hajaratu. Ta riƙa faɗa ina rubutawa. Da muka zo kan baƙar kwalba na ce, "Mama, goma sha taran nan fa? Ƙila ɗaya ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa. In sa ashirin kawai, layin ya yi kyau?"

"Nawa ka gani?"

"Goma sha tara."

"To me kake tambayata?"

Na rubuta goma sha tara. Na rubuta ban gani ba a gaban shuɗi. A ƙasa ta sa na ja layi, na rubuta: wanda ya ƙirga na farko, Keziah Nelson. Ta karɓi biro ta sa hannu, hancinta kusan yana taɓa takarda, rubutun ya haura sama ya bar layi. Sannan ta turo mini littafin.

"Na biyu. Cikakken suna, da na ubanka. In ƙarya ce, a san gidan da za a je."